Fuskar Ilu Mai Faci

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku saurara. Idan na gama, hukunci yana hannunku.

A wani gari da ƙwacen waya ya hana mutane sakat, akwai abokai uku masu fitar da ɗan littafin labari mai zane-zane. Jafaru ke rubutawa, bai taɓa sa sunansa ba. Sallau ke zanawa. Lantana, mai shagon buga takardu a bakin tasha, ita ke bugawa ta sayar. Jaruminsu shi ne Ɗan Toka, mai shafe fuska da toka, wanda ba ya kai ɓarawo wurin 'yan sanda, domin a littafin kafin ka iso gida sun sake shi. Hannun dama yake karya masa, ya wuce. Gari ya so Ɗan Toka, har samari suka fara shafa toka suna sintiri.

Jafaru yana rubutu da ɗacin rai, don ƙaninsa aka daɓa wa wuƙa a kan waya. A wata fitowa ya rubuta cewa shugaban ɓarayin mai sana'ar bakin titi ne, yana aiki yana lura da aljihun mutane.

Sallau kuwa ba ya iya ƙirƙiro fuska da ka. Zama yake a tasha ya ari ta wanda ya gani. Wannan karon ya ari ta Ilu mai facin taya, har da tabon haɓarsa.

Lantana ta gane shi nan take. Ta ce, "Sallau, wannan ba Ilu ba ne?" Ya ce, "Fuska ce kawai, Yaya." Ta san duk lokacin da mutane suka gane fuska littafi ba ya kwana, sai ta sa ta a bangon littafin.

Ranar kasuwa da hantsi aka fizge wayar wata mata daf da rumfar Ilu. Wani ya ɗaga littafin ya ce, "Ga shi nan, har an zana shi!" Samarin toka suka rufar wa Ilu. Da ƙarfensa na cire taya suka farfasa masa hannu, wani ya tafi neman fetur.

Lantana ta kutsa cikinsu, ta ja shi da jini har shagonta, ta garƙame ƙofa, ta tsaya a gaba. Suka ce za su ƙona shagon. Ta ce, "Ku fara da ni." Jifa ya fasa mata goshi, ba ta gusa ba. Ba don ita ba, da an ƙona shi a titi.

Amma ƙofa ba ta tare fetur. Sallau ya ɗauki gawayi daga murhun mai shayi, ya hau bangon shagon da zane. Kafin a ankara ga fuskar jagoran samarin, riƙe da wayar sata. Ya zana na kusa da shi, da na bayansa. Ya juyo ya ce, "Kai ma ga ka nan, Mamuda. A kawo taya nawa?" Kowa ya fara kare fuskarsa yana ja da baya. Ba don shi ba, da shago da mutum sun zama toka.

A asibiti aka ce ba a taɓa mai irin wannan rauni sai da ɗan sanda, jini kuma yana zuba. Jafaru ya tafi ofishin 'yan sandan da ya daɗe yana zagi a ɓoye, waɗanda suka daɗe suna neman marubucin. Ya ce, "Ni ne. Ku riƙe ni, amma ɗayanku ya je asibiti yanzu." Suka riƙe shi, ɗaya ya je. Har yau Jafaru yana tsare. Ba don shi ba, da Ilu ya cika a kan benci.

Ilu ya rayu. Hannun bai ƙara ɗaga guduma ba, rumfar ta zama wurin kwanan awaki, 'ya'yansa kuma ana ce musu 'ya'yan ɓarawon littafi. Wanda ya fizge wayar ba a taɓa kama shi ba.

Dattawan unguwa suka je roƙa wa ukun gafara. Ilu ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Baba, na ji, kuma na san abin da kowa ya yi, farko da ƙarshe. Amma zuciyata ba za ta ɗauki uku ba. Ku zaɓo mini ɗaya in yafe masa. Sauran biyun mu haɗu gaban Allah."

Dattawan suka fito, suka tsaya a ƙofar gida suna shawara.

To, ku da kuke zaune nan, sunan wa za ku koma ku faɗa wa Ilu: wanda ya rubuta, wanda ya zana, ko wadda ta buga?