Bangon Ɗakin Inna Huraira

A zamanin Turawa, a tsohon garin Birnin Gwari, an yi wani mai sayar da turare da ake kira Maiturare. Mutum ne mai son a yabe shi, amma ba ya son aikin da ido ba ya gani. Ƙofar gidansa kullum a share take. Bayan katangarsa kuwa, wajen da ya fuskanci daji, shekara uku bai taka ba.

Maƙwabtansa sukan share kewayen gidajensu duk mako, su yashe hanyar ruwa, kafin damina kuma su yi sabon yaɓe. Shi kuwa sai ya ji duba-gari zai zo yake sa a share gaban gida a wanke randuna.

Wata rana maƙwabcinsa Malam Usman ya tare shi ya ce, "Maiturare, ganye da ciyawa sun toshe maka hanyar ruwa. Ruwa yana kwanciya a gindin ɗakin Inna."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wa ke leƙa can in ba awaki ba? Bari damina ta wuce."

Mahaifiyarsa, Inna Huraira, tsohuwa ce da ƙafa ta yi wa nauyi, a ɗaki take wuni tana kaɗin auduga. Ita ma ta ce masa, "Ɗan nan, ɗakina yana warin danshi." Sai ya kawo mata turaren wuta mai tsada, ya ce wannan zai kore shi. Ta karɓa ta sa masa albarka, ba ta ƙara maganar ba.

Da marka ta kankama, aka kwana uku ana ruwa. A rana ta huɗu Maiturare ya tafi cin kasuwa a garin Kakangi. Bayan azahar matarsa Furera tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta ji wata ƙara kamar an sare itace. Bangon ɗakin Inna ya zube, rufin ya bi shi, tana ciki.

Maƙwabta suka tono ta da hannu. Maiturare ya iso ya same ta kwance a kan tabarma, numfashi yana fita da ƙyar. Ya durƙusa yana kuka.

Ta ce, "Na yafe maka. Ka duba ɗakin Furera da yara." Kafin magariba, Inna ta cika.

Bayan sadakar uku, ya ɗauki fartanya ya zaga bayan katangar shi kaɗai. Ya nome ciyawar, ya kwashe ruɓaɓɓen ganyen, ruwan da ya taru ya gangara daji. Da ya ɗaga kai, hantsi ma bai wuce ba. Ya ajiye fartanyar ya zauna cikin laka, sai da Malam Usman ya zo ya kama hannunsa ya tashe shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kewayen gida ba a barinsa sai ranar da za a zo dubawa. A share shi duk mako, a buɗe hanyar ruwa, a gyara bango kafin ruwa ya sauka, musamman gefen da baƙo ba ya gani. Aikin da Maiturare ya yi shekara uku yana ɗagawa bai kai na wuni ɗaya ba, kuma ya yi shi ne bayan ya binne mahaifiyarsa.