Kabarin Silvanus a Bayan Shinge

An yi wani mutum a nan Kafanchan. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Malamin makaranta ne, dattijon ikilisiya, kuma shi ne shugaban mawaƙa. Ba ya shan giya, ba ya neman mata, bai taɓa makara a sujada ba. Idan kuna jiran labarin mashayi ko mazinaci, ku gyara zama, yau ba can za mu ba. Na san irin wancan wa'azin kuka fi so, domin mutum yakan saurare shi yana satar kallon maƙwabcinsa.

Mutumin nan maraya ne tun yana ƙarami. Wata ƙawar mahaifiyarsa mai suna Lai'atu ita ta ɗauke shi, ta haɗa shi da ɗanta Silvanus. Kwano ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kwana. Tare suka shiga badujalar samarin ikilisiya, tare aka ba su ƙaho su koya. Mutuminmu ya fi ƙwazo nesa ba kusa ba. Shi ya iya karanta kiɗa a takarda, shi ne ba ya kuskure. Silvanus kuwa sai wasa da dariya. Amma idan ya sa ƙahon nan a baki, mata masu tallar doya a tasha sukan sauke kaya su tsaya. Idan mutuminmu ya busa, sai a ce, "Ya yi daidai." Idan Silvanus ya busa, ba a cewa komai, sai dai ka ga tsoho yana share ido.

Ya 'yan'uwa, kun san zafin a yi ta ce maka "ya yi daidai" shekara da shekaru?

Bayan yaƙin basasa gari ya sake cika, jiragen ƙasa suna shiga suna fita, ma'aikatan reluwe sun dawo da faya-fayensu na garmaho. A nan Silvanus ya ji kiɗan jaz, ya shige masa jini. Ya haɗa abokai, suka riƙa wasa a wani otel kusa da tasha kowace Asabar. Yakan ɗauko waƙar da iyayenmu mata ke yi a bakin dutsen niƙa, ya lanƙwasa ta, ya ja ta, ya kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba, sa'an nan ya dawo da ita gida lafiya. Ikilisiya ta sa shi a ƙarƙashin horo, wato ya zauna a bencin baya, kada ya ci jibin Ubangiji. Ya zauna na ɗan lokaci, daga baya ya daina zuwa.

Ban zo in wanke Silvanus ba. Ya sha, ya yi abin da masu kiɗan otel kan yi. Amma ku gaya mini, bikin wane ne a cikinku bai busa ba? Daga nan har Zangon Kataf, amarya ba ta jin an yi mata aure sai da ƙahonsa. Ranar Asabar mu kwashi rawa, ranar Lahadi a ambaci sunansa mu girgiza kai muna tsaki. Mun iya wannan sosai.

Shi kuwa mutuminmu, hankalinsa ya kwanta. A gaban jama'a yakan yi addu'a Allah ya komo da ɗan'uwansa, har muryarsa na rawa. A cikin ransa kuwa majami'a ta yi masa faɗi da daɗi. Ba wanda ake gwada shi da shi.

A shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, gab da Ista, Silvanus ya zo gidansa da la'asar. Matar gidan, Magdalene, ta kawo musu kunu, ta koma bakin ƙofa tana tsince wake. Silvanus ya daɗe yana juya kofi a hannu kafin ya yi magana.

"Yaya, na gaji," in ji shi. "Ina so in dawo coci. Ka kai ma dattawa magana na. Ko bencin baya ne zan zauna, ba damuwa. In sun yarda, wata rana in busa ma Yesu ko sau ɗaya, Mama ta ji kafin ta mutu."

Kun san ƙa'idarmu. Wanda ke ƙarƙashin horo, idan yana so ya komo, yakan sami dattijo ɗaya ya gaya masa, dattijon ya kai maganar gaban majalisa. Daga ranar da ta isa can, an san ya ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da Silvanus ya roƙa ke nan, a ɗauki magana daga wannan ɗaki a kai wancan.

Mutuminmu ya rungume shi, ya ce, "Mun gode wa Allah. Ka bar shi a hannuna."

Bai yi niyyar ƙin kai ta ba, haka ya gaya wa kansa. Zai kai, amma bayan Ista. Ya sha wahalar koya wa mawaƙa waƙoƙin wannan shekara, don me wani zai shigo da ƙaho ya kwashe idon mutane? Ko da Silvanus bai busa ba, ya zauna kurum a baya, kowa zai riƙa waiwaye. Majalisa ta zauna, bai ce uffan ba. Suka haɗu a kasuwa, Silvanus ya tambaye shi, mutuminmu ya ce, "Suna dubawa, ka yi haƙuri."

Ranar Ista da safe Silvanus ya sa farar riga, ya zo ya tsaya a gindin mangwaron da ke harabar majami'a. Bai shiga ba, yana jiran a ce masa shigo. Mutuminmu ya hango shi ta taga. Ya juya masa baya, ya ɗaga hannu, mawaƙa suka ɗauka. Waƙa ta yi daidai a ranar, ba kuskure ko ɗaya.

Ista ta wuce, bai kai maganar ba. Yanzu kuma kunya ta shigo, idan ya kai za a tambaye shi tun yaushe. Bai san babu sauran lokaci ba. Wa ya sani a cikinmu?

Silvanus yana dawowa daga biki a Samaru Kataf, wani direban babbar mota ya manta an canza hannu, ya yi karo da motarsu a kwana. Abokansa suka fita da raunuka, shi ko shurawa bai yi ba.

Waɗanda ke garin nan a lokacin ba su manta ba. Kasuwa ta watse tun kafin azahar. Masu shaguna suka rufe, Kirista da Musulmi, 'yan gari da baƙi. Mahauta suka bar nama a kan tebur. Direban jirgin da ya shigo tasha ya ja usur ɗinsa ya ƙi saki, har mata suka fashe da kuka a kan dandamali. Mutane sun yi kuka kamar ƙanensu ne ya mutu, domin ba gidan da bai taɓa sa wa farin ciki ba.

Majalisar dattawa ta zauna a kan jana'iza. Dokar a fili take: wanda ya mutu a ƙarƙashin horo bai nemi komowa ba, ba a shigar da gawarsa majami'a, ba a kaɗa masa ƙararrawa, ba a yi masa waƙa, kuma a bayan shingen makabarta ake sa shi. Fasto bai so haka ba. Ya dubi dattawa ya ce, "Akwai wanda Silvanus ya taɓa zuwa wurinsa da maganar tuba? Ko da kalma ɗaya ce, ta ishe mu."

Kowa ya juya ya dubi mutuminmu, tun da shi ne ɗan'uwa. Ya yi lissafi a ransa. Idan ya ce i, sai a ce, to me ya sa ka riƙe? Dattijantakarsa ta tafi, mawaƙa sun tafi, sunan da ya gina tun yana saurayi ya zube. Idan ya ce a'a, gawa ba ta musu.

"Bai zo wurina ba," in ji shi.

Har yaba masa aka yi. Aka ce ga mutumin da bai fifita ɗan'uwansa a kan gaskiya ba.

Da labari ya kai wa Lai'atu, ta taso da kanta, tsohuwa, ba ko takalmi. Ta same shi a ƙofar gidansa, ta durƙusa a gaban yaron da ta goya.

"Ɗana, ai ya zo wurin ka. Shi ya gaya mini da bakin shi. Ya ce, Mama, Yaya ya karɓi magana na. Ka je ka faɗa musu. Ban roƙe ka komai ba tun da na raine ka, wannan kawai."

Mutane sun taru suna kallo. Ya kama hannunta ya ɗaga ta a hankali, ya ce da murya mai taushi yadda kowa zai ji, "Mama, baƙin ciki ne ya rikita ki. Ku kai ta gida ta huta."

Ya 'yan'uwa, ƙarya ta fari ta binne mamaci a waje. Ta biyu ta mai da mai rai mahaukaciya.

Aka binne Silvanus a bayan shinge. Abokansa sun zo da kayan kiɗansu, Lai'atu ta hana. Ta ce idan ba za a yi wa ɗanta waƙar Allah ba, kada a yi masa kowace iri. Gari guda ya bi akwatin gawar, ba ganga, ba ƙaho, ba ƙararrawa. Mutumin da ya cika garin nan da kiɗa, abin da aka ji a kabarinsa ƙarar shebur ce da kukan awaki daga gonar da ke kusa.

Magdalene ta yi shiru da farko, mijinta ne. Amma abinci ya daina shiga mata. Wata rana ta ce masa, "Baban Lucy, ni fa na kawo muku kunu ran nan. Na ji da kunne na." Ya daka mata tsawa, ya ce ta kama bakinta idan tana son zaman gidan. Ta kama. Sai a taron zumuntar mata ta ji ana raɗa, wai Mama Lai'atu ta fara taɓuwa, tana ƙirƙiro wa ɗanta tuban da bai yi ba. Wasu har da dariya ƙasa-ƙasa. Magdalene ta miƙe tsaye, ta faɗi abin da ta gani da abin da ta ji, ba ta rage komai ba.

Ba wanda ya gaya wa mutuminmu. Ranar Lahadi ya sa kwat ɗinsa, ya tsaya a gaba yadda ya saba, ya faɗi lambar waƙa, ya ɗaga hannu.

Ba wanda ya buɗe baki.

Ya zaci ba su ji ba. Ya maimaita lambar, ya sake ɗaga hannu. Mawaƙansa suna kallon ƙasa, matan zumunta sun ɗora hannu a kan tulunan kiɗansu, majami'a cike maƙil, kana iya jin kukan jariri daga waje. Sai ya fara shi kaɗai. Muryarsa ta fita sarai, daidai take kamar kullum. Ya kai tsakiyar baiti ya dubi inda matarsa take, ya ga tana kuka. A nan murya ta ƙare masa, hannunsa yana sama bai san yadda zai sauke shi ba.

Majalisa ta tsige shi, ta sa shi a ƙarƙashin horo. Bencin bayan da ƙanensa ya roƙa a bar shi ya zauna, shi aka nuna masa, girman kai ya hana shi zama ko sau ɗaya. Ya daina zuwa sujada. Ya huce a kan matarsa da duka har ta kwashe yara ta koma gidansu. A makaranta yara suka daina amsa masa waƙar safe, ya nemi canji, can ma labari ya riga shi isa. Giyar da ya yi shekaru yana zagi, ita ya koma wa. Masu zuwa Kaduna sukan gan shi a Mararaban Rido, da ragowar kwat ɗin nan, yana tsaye a bakin titi yana ɗaga wa manyan motoci hannu yana saukewa, yana ba su lambar waƙa.

Kada ku yi saurin cewa ya ga sakamakonsa, an gama. Dattawa sun je wurin Lai'atu neman gafara. Suka ce za a kaɗa ƙararrawa, za a yi sujada ta musamman, za a matsar da shinge kabarin ya shigo ciki. Ta saurare su har suka gama.

"Na yafe," ta ce. "Amma ku bar shingen ku inda yake. Ranar da yaro na yake bukatar ku ta wuce. In na mutu, ku sa ni kusa da shi a waje, kada ya kwanta shi kaɗai."

Ba ta ƙara damina biyu ba. Matar da ta ɗebo dutse a ka aka gina majami'ar, matar da ta koya wa rabin matan zumunta waƙa, a bayan shinge take kwance, inda awaki ke kiwo. Ita ta zaɓa, ba wanda ya iya hana ta.

Ya 'yan'uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai zub da jini ba. Hassada ya yi, ya sa mata rigar tsarki, ya zaunar da ita a kujerar dattawa. Wani ya ba shi tubansa ya riƙe masa na ɗan lokaci, ya zauna a kai don kada a daina kallonsa. Kai da ke zaune a nan, wane ne Allah ya ba abin da bai ba ka ba, har faɗuwarsa ta yi maka daɗi? Wa kake yi wa addu'a da baki, zuciyarka tana roƙon kada a amsa? Wa ya ba ka saƙo, kana ce masa ana dubawa? Ka tashi daga nan ka kai yau. Silvanus ma ya ɗauka akwai wata Lahadin.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan mai ƙahon da ya tsaya a ƙofarka ba a buɗe masa ba. Ka ta'azantar da garin da ya rasa shi. Ka tuna da wancan da ke bakin titi, idan da sauran hanya ka komo da shi. Mu kuma, Allah ya kiyaye mu daga zama ƙofar da aka rufe wa mai tuba. Amin.