Ranar da Tarin Nomau Ya Tsaya

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakannin kakanninmu, ana ce masa Nomau. Ba zan faɗi sunan garin ba, don in na faɗa wani zai ce ai ba garinmu ba ne, ya gyara zama ya saki jiki. Ku saurara. Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, har da kai nake.

Nomau mai awo ne. A kasuwa yake wuni, manoma su kawo gero da dawa, shi kuma ya auna wa masu saye. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, in ya shigo masallaci ba wanda zai matsa ya ba shi wuri. Amma wannan bawan Allah, mudun da yake saye da shi, da shi yake sayarwa, kuma in ya cika shi sai hatsi ya riƙa zuba ta gefe. Matarsa Tasalla ungozoma ce. Ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ita kuwa Allah bai ba ta ko ɗaya ba. Su biyu suka tsufa a gida.

A unguwarsu ana ciyayya. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba, kowa ya shige ɗaki ya tura ƙofa da kwanonsa. A da, in an idar da magariba, kowane magidanci sai a fito masa da akushinsa, a shimfiɗa tabarma, a ci na wannan a ci na wancan. Mai nama a miya da mai kuka tsura, duk hannu ɗaya. A ƙofar gidan Nomau ake zaman, kuma ba abin da yake so a duniya irin wannan zama. Mutumin da ba shi da ɗa ba shi da jika, waɗannan maƙwabta su ne danginsa.

To, wata damina ciwo ya kayar da shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma bakinsa ya ɗan karkace, harshe ya yi nauyi, hannun dama ya yi sanyi. Tun daga nan haɗiya ta zamar masa aiki. In ya kai loma sai ya ƙware. In ya kurɓi ruwa sai ya sarƙe, ruwan ya biyo ta hanci. Tari, tari, tari, ido ya yi ja, hawaye na zuba, har a gama ci a wanke hannu shi bai gama tari ba.

Ku saurara in gaya muku dalili, don a nan mutanen garin suka ɓace. Allah ya yi mana hanya biyu a wuya, ta abinci da ta numfashi, ya sa ɗan murfi da ke rufe ta numfashi in za a haɗiye. Tsufa kan sa aikin nan ya yi rauni. Ciwon shanyewar jiki kan lalata shi. Wanda haƙoransa suka zube ba ya tauna da kyau. Mai gaggawa ya ƙware, mai surutu da loma a baki ya ƙware, wanda ya ci ya kwanta nan take ƙwannafi ya taso masa ya kwana yana tari. Duk cikin waɗannan babu wanda ya san mumini, babu wanda ya san fasiƙi. Maƙogwaro ba alƙali ba ne.

Amma mutanen garin nan, kamar mu, in mutum ya ƙware sukan tsokane shi su ce, wa ka hana? Wai rowa ce ke shaƙe mai ita. Da wasa ake faɗa. Akwai maƙwabcin Nomau, katanga ɗaya ta raba su, sunansa Cindo, mutum ne mai bakin ba'a, in bai sa an yi dariya ba abinci ba ya shigar masa. Ranar farko ya ce, "Nomau, wa ka hana?" Aka yi dariya, har da Nomau, yana share hawaye. Da abin ya yi ta maimaituwa, wasan ya tsufa, sai Cindo ya nemo sabo. Ya ce, "Anya wannan rowa ce kuwa? Ko dai mudun mutane ne ya tsaya a wuya?"

Aka yi dariya, amma ba kamar ta da ba. Wasu suka kalli juna.

Jama'a, Cindo bai ga komai ba. Bai taɓa kama Nomau da tauye ko ƙwaya ba. Dariya kawai yake nema. Amma kafin kasuwa ta zagayo, wata ta tuna geron da ta saya bara bai yi mata auki ba. Wani ya tuna ya taɓa ganin hannun Nomau yana shafa bakin mudu. Kowa ya tono abin da bai faru ba ya tuna shi sarai. Manoma suka koma wajen wani mai awo. In Nomau ya wuce sai a yi ƙasa da murya a ce, haƙƙin mutane ne, tun a duniya aka fara masa.

Sai aka ɗauke tabarma daga ƙofarsa, wai sauro ya yi yawa a wurin, aka mai da ita ƙofar Cindo. Nomau ya ɗauki akushinsa ya bi su. Ya sa hannu a kwano, sai ya ga hannuwa suna janyewa ɗaya bayan ɗaya, kowa wai ya ƙoshi. Ya gane. Daga ranar ya daina fita.

Amma bai daina aika akushi ba. Kullum Tasalla ta kai bakin ƙofa ta ajiye, kullum a dawo da shi ko murfi ba a ɗaga ba. Ta ce, "Malam, wahalar me muke yi? Sun ce abincinmu haram ne."

Ya ce, "Rabon maƙwabta ne, Tasalla. In sun ci, nasu suka ci. In sun bari, nasu suka bari."

Shi kuma sai ya sa ta shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, a gindin katangar nan da ta raba shi da ƙofar Cindo, don ya riƙa jin hirarsu yana ci. Tana zaune kusa da shi, ta marmasa masa tuwo cikin miya, ta ba shi kaɗan kaɗan, in ya ƙware ta sunkuyar da shi ta bubbuga masa baya. In an yi dariya a waje, sai ta ga shi ma yana murmushi da karkataccen bakinsa. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin nan, zuciyata takan karye.

Ana nan, sai babban cikinsu, wani dattijo Malam Barau, ya yi sallama. Mutumin kirki ne, da alheri ya zo, ku riƙe wannan. Ya ce, "Nomau, zamanka kai kaɗai ya dame ni. Na samo maka mafita. Ranar Juma'a ka miƙe a masallaci ka ce ka tauye mudu a baya, ka tuba, a yafe maka. Mutanenmu suna son mai tuba. Ni da kaina zan mai da tabarma ƙofarka."

Nomau ya ce, "Yaya Barau, ban tauye ba."

"To, ko da kuskure. Wa ya fi ƙarfin kuskure?"

"In kuskure ne, kullum ina roƙon Allah gafara a kansa. Amma ba shi kuke so in faɗa ba. So kuke in ce na ci haƙƙin mutane ina sane."

Da Barau ya fita, Tasalla ta fashe da kuka. Ta ce, "Malam, ka faɗa kawai mana. Ai Allah ya san gaskiya. Ina ganin yadda kake manna kunne a bango."

Ya ce, "Don ya san gaskiyar ne ba zan faɗa ba. A ɗakinsa za ni in tsaya in yi ƙarya, yana ji? Na yi shekaru ina tsoron tauye wa mutane hatsi, yanzu in tauye gaskiya don a ci tuwo da ni?" Ya faɗa yana hawaye, don yana son zaman nan kamar ransa.

Juma'a ta zo, ya yi salla ya fito bai ce uffan ba. Aka ce, kun gani, ga ci ga taurin kai.

Ku saurara, ga inda nake so ku buɗe kunne. Wata rana da hantsi naƙuda ta kama matar ɗan Cindo, ta zo da gardama. Cindo ya tsaya a zauren Nomau yana sallama, kansa a ƙasa, yana neman ungozoma. Tasalla ta ce ba inda za ta. Ta ce, "Gidan wanda ya kashe mana suna?"

Nomau ya ce, "Yarinyar nan me ta yi mana? Abin da ke cikinta me ya yi mana? Tashi ki je."

Ta ɗauki mayafi ta ce, "To, kada ka ci komai sai na dawo."

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, haihuwa shiru. Da aka yi magariba Tasalla ta ga ba halin ta bar yarinyar ko na ɗan lokaci. Ta leƙo zaure da sauri, ga maza sun zauna ciyayya, ta ce, "Malam Cindo, don girman Allah, maigidana yana can shi kaɗai, rabonsa da abinci tun jiya. Na san yunwa za ta sa ya ci. In kun ji tari, wani ya shiga ya bubbuga masa baya." Suka ce to. Dukansu suka ce to.

Yunwa kuwa ta ci ƙarfinsa. Ya jawo sauran tuwon jiya, ya sandare, ba mai ɗumama masa. Ya zauna a gindin katanga, ya yi bisimilla.

Suka ji tari. Wani ya ce, "An fara." Malam Barau ya dafa ƙasa kamar zai miƙe, ya dubi sauran, ya ga ba wanda ya motsa, ya koma ya zauna. Kowa yana tsoron a ce shi ne abokin mai tauye mudu. Kowa yana cewa a ransa, ai kullum haka yake yi, kuma kullum yana wucewa.

Sai tarin ya tsaya cak.

Cindo ya ce, "Yau da wuri aka sake shi." Malam Barau ya ce, "Alhamdu lillahi. Wataƙila ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa." Suka ci gaba da cin tuwo.

Jama'a, mai tari yana numfashi. Muddin kana jin tarin, akwai sauran hanya. Wanda ya yi shiru, shi ne hanyar ta toshe masa gaba ɗaya, ba iska, ba murya, ba ya iya kiran kowa. Nomau yana jin muryoyinsu. Yana jin ana masa murnar tuba. Katanga ce kawai tsakaninsu, ta ƙasa, wadda yaro zai iya haurawa.

Kafin isha'i aka ji guɗa a gidan Cindo, an samu ɗa namiji, uwa lafiya. Tasalla ta wanke hannu ta nufi gida da saurinta don ta ba mijinta labari. Ta same shi kwance a gefe ɗaya, hannunsa a wuya, jiki ya fara sanyi.

Na san abin da kuke jira. Jira kuke in ce an ɗauko mudunsa an gwada an ga cikakke ne, gari ya yi nadama. Ba wanda ya gwada. Jira kuke in ce Cindo ya ga abin da ya gani. Cindo ya tsufa, ya mutu a kan gadonsa cikin jikoki. Ranar jana'izar Nomau ma, a hanyar dawowa daga maƙabarta, sai da aka samu mai cewa, da loma a wuya fa ya tafi, Allah ya kyauta ƙarshenmu. Tasalla ta gama takaba ta koma garinsu, ba ta sake karɓar haihuwa ba. A duniyar nan ba wanda ya wanke Nomau. Akwai ranar da za a yi awo na gaskiya, can ya bar wa Allah, amma nan bai ga komai ba sai bango.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ciwo ba hukunci ba ne, kuma ba ku aka ba aikin karanta shi ba. Duk wanda ya dubi mara lafiya ya ce zunubinsa ne, ya yi zato, ya yi ƙazafi, kuma ya samar wa kansa dalilin zama lokacin da ya kamata ya tashi. Mutanen can ba su daki Nomau ba, ba su zage shi a ido ba. Zama kawai suka yi.

Kada ku ce wannan labarin mutanen da ne. Nawa ne a cikinku ke da tsoho ko tsohuwa a ɗakin baya, an ware masa kwano don tarinsa yana hana ku jin daɗin abinci? A miƙa masa ƙanzo da nama mai tauri a juya baya. Ku zaunar da shi sosai, ku tausasa masa abinci, ku bar shi ya ci a hankali, kada ya kwanta da ci, ku kai shi asibiti a duba wuyan nan. Mafi girma, ku zauna kusa da shi har ya gama. Ba kuɗi wannan ke ci ba, zama ne kawai, irin wanda kuke yi a bakin titi har a kira salla.

Na faɗa, kuma na san da yawanku kafin ku gama sa takalmi kun manta. Amma in akwai mutum ɗaya a nan da yanzu yake tambayar kansa yaushe rabon da ya ji tarin tsohuwarsa, kada ya tsaya gaisawa da kowa. Ya tashi ya tafi gida. Allah ya sa ya same ta tana tari.