Mai Koren Biro

Akwai wani mutum mai suna Habila, odita ne. Shekara goma sha biyar yana shiga kamfanoni yana duba littattafan kuɗinsu. Yana da wani koren biro, in lissafi ya yi daidai sai ya sa hannu da shi ya ce, "Ya daidaita." Har abokansa suka laƙaba masa suna Malam Ya-Daidaita.

Wata shekara aka aike shi wani kamfani da aka ba kwangilar kai magani asibitocin ƙauye. Yana cikin dubawa sai ya ga rasit ɗin ƙauyuka bakwai, rubutun hannun mutum ɗaya ne a kansu duka. Ya gane akwai lauje cikin naɗi. Amma ya ce a ransa, "Ina ruwana? Lissafi aka ce in duba." Ya sa hannu, masu kamfanin suka ciyar da shi shinkafa da kaza, ya kama hanyar gida.

Kwanci-tashi, Habila ya gaji da wannan aiki. Ya nemi aiki a wani banki, a sashen masu bin sawun kuɗin haram, aka ɗauke shi. Zo ku ga murna! Ran Lahadi ya fito gaban ikilisiya ya ba da shaida, ya ce ɓarayi sun shiga uku.

Shugabar sashen wata dattijuwa ce, Mama Keziya. Ran da ya fara aiki ta ce masa, "Habila, a nan ba ma tsayawa kan nawa ne. Daga ina kuɗin ya fito, ina kuma ya tafi, tambayarmu ke nan." Ta miƙa masa wani fayil ta ce, "Fara da wannan. Kuɗin magani ne aka karkatar, yara suka yi ta mutuwa da zazzaɓi a ƙauyuka bakwai. Kuma wai akwai oditan da ya duba ya ce kome lafiya! Sa hannun nasa ba ya karantuwa."

Habila ya buɗe fayil. A ƙasan shafi na ƙarshe sai ga koriyar tawada, ga sa hannunsa. Wayyo! Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kwana uku yana saƙawa yana kwancewa. In ya yi shiru, ba wanda ya san hannun nan a ofishin. In ya faɗa, aikin da ya yi shaida a kansa gaban jama'a zai iya kuɓuce masa.

A rana ta huɗu ya shiga ofishin Mama Keziya, kansa a sunkuye. Ya ajiye koren biron a teburinta ya ce, "Mama, oditan nan ni ne. Kuma ba ruɗe ni aka yi ba. Na gani, na kau da kai."

Mama Keziya ta ce, "Ba zan ɓoye maka ba, sunanka zai shiga rahoto, manya za su kira ka su yi maka tambayoyi. Ban san abin da za su yanke ba. Amma ni zan tsaya in ce da ƙafarka ka zo." Ta tura masa biron ta ce, "Ɗauki abinka. Rubuta abin da ka gani ran nan."

Ya zauna ya rubuta.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Habila ni ne, kai ne, ke ce. Muna da lissafin da ya daidaita: ba ma fashin sujada, muna ba da zakka, muna cikin ƙungiyar mawaƙa. Amma Ubangiji ba zai tsaya kan nawa ne ba, zai tambayi daga ina. Habila bai saci ko kwabo ba, zunubinsa shi ne "ina ruwana". Sau nawa muka ga ana cutar marar ƙarfi muka kau da kai, don kada kazar ta wuce mu?

Kunyar da ta kai Habila ofishin nan alheri ce, kada ku guje mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma fayil ɗin kowa zai buɗu. Gara ka je da ƙafarka yau ka ce, "Ubangiji, hannun nan nawa ne."