Ranar da Kubura Ta Wanke Fuskarta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

A cikin garin Gwandu akwai wani bawan Allah, malaminmu kuma shehinmu, masani mai tsoron Ubangijinsa, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ba za a ambaci sunansa a nan ba domin shi da kansa ya hana. Ya sha fiƙihu da tafsiri tun yana saurayi har furfura ta rufe masa kai, amma wanda ya zauna gabansa ba yawan karatun ne ke fara kama shi ba, natsuwarsa ce. In yana shan ruwa, ruwan kaɗai yake sha, in kuma yana sauraron mutum, sai ka ce babu kowa a duniya sai wannan mutumin. Abubuwan da Allah Ya gudanar a hannunsa suna da yawa, wannan ɗaya ce daga ciki, ta faru ga wata mata ta Kalgo mai suna Kubura, kuma da yardarta aka rubuta.

Kubura matar Lawal ce, manomin shinkafa, suna da 'ya'ya biyu: Anas wanda bai daɗe da yaye ba, da jaririya Ilham. Wata safiya da kaka, mata suka shiga kwalekwale za su ƙetare gulbi zuwa fadama wajen aikin shinkafa, Kubura tana goye da Ilham. Jirgin ya yi nauyi, a tsakiyar ruwa ya karkata ya kife. Masunta suka ciro Kubura da rai, majanyinta na nan ɗaure a ƙirjinta, ƙullin bai ko motsa ba, amma bayanta babu kowa. Washegari aka samu yarinyar cikin ciyawar bakin gaɓa. Majanyin kuwa, da mata suka zo kwance shi sai ta hana, dole suka zare mata shi ta ƙasa da ƙullinsa, ta ajiye shi a ƙasan akwati.

Mutane sun yi gaisuwa sun watse, ta kuma karɓi gaisuwar da haƙuri kamar yadda ake so. Abin da babu wanda ya sani shi ne, tun daga wannan ranar, ruwa bai sake taɓa fuskarta ba. In ta ɗauki buta takan wanke hannu ta kurkure baki lafiya lau, amma da ta tallabo ruwa ta nufo fuska sai ɗakin da tsakar gidan su ɓace, ta ga kanta a ƙarƙashin gulbi, ruwa ja yana shiga hancinta, hannunta na lalube a bayanta. Sai ta yi jifa da butar tana haki. Wanka ya koma goge jiki da tsumma daga wuya zuwa ƙasa. Salla kuwa, da yake ta san wanke fuska farilla ne, sai ta ɗauka ƙofar ta rufe mata, ta riƙa shimfiɗa tabarma don idon mutane tana zaune kawai a kai. Anas ma ta kasa yi masa wanka, domin ganin ruwa a fuskar yaron ya fi mata ciwo da nata.

Barci ya ƙaurace mata. Wata maƙwabciya, da nufin taimako, ta miƙo mata kwalbar maganin tari ta ce ta kurɓa ta samu ta runtsa. Ta kurɓa, ta yi barcin da babu gulbi a cikinsa. Daga kurɓa aka koma rabin kwalba, daga rabi aka koma guda, kwanukan jerenta suka riƙa raguwa a bango ɗaya bayan ɗaya. Lawal mutum ne marar magana, ya ga abin, ya yi faɗa, ya fasa kwalabe, ya yi lallashi, ya rasa inda zai kama.

Wata rana da hantsi tana kwance a buge, Anas ya je murhu ya tsoma hannu cikin toka mai wuta. Ihunsa har maƙwabta suka ji, ita da take kwance a ɗaki da ƙofa buɗe ba ta ji ba. A ranar, uwar Lawal, Inna Hadijatu, ta zo daga Diggi, ta naɗe kayan yaron, ta tsaya a kan Kubura ta ce, "Ni ba ni zaginki, ɗiyata, na san abin da gulbi ya ci miki. Amma wanga guda da ya saura ba ni barin wuta ta ci shi. Dubi wuyanshi, dubi huskarshi, kamar marar uwa. Ke ma dubi taki huskar. Ranar da kika iya wanke huskarki da ta yaron, ki taho ki ɗauki abinki." Ta saɓa shi ta fita, yaron na miƙo hannun da aka naɗe da tsumma yana kiran uwarsa.

Lawal ya taɓa karatu wajen Malam yana yaro, don haka ya sa ta a mota suka nufi Gwandu. A hanya Kubura tana jiran a ce aljanin ruwa ne ya shafe ta, a ba ta rubutu da hayaƙi, ko a zazzage mata wa'azin wutar da ke jiran mai barin salla, kuma ta san ta cancanci wa'azin. Aka shigar da ita cikin gida wajen uwargidan Malam, Hajiya Nana, shi kuma, Allah Ya ƙara masa daraja, ya zauna a bayan zana inda ba ya ganinta, Lawal na gefensa. Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ba, sa'an nan ya ce, "Ba aljani ba ne. Jikinki ya hito gulbi, zuciyarki ce ba ta hito ba."

Ya ce a kawo dutsen taimama. "Ke marar lahiya ce, Allah bai rufe miki ƙofa ba. Sa tafinki bisa dutsen. Mi kika ji?"

Ta ce, "Dutse."

"Da sanyi ko da ɗumi?"

Ta ce, "Da ɗumi, Malam. Rana ta buge shi."

"To nan kike. Gwandu kike, yau, bisa ƙasa. Ki shaƙi numfashi ki bi shi har ya ƙare, ki sake shi da sunan Allah."

Ta yi taimama ta yi Azahar, sallarta ta farko tun kaka, tana kuka har ta sallame.

Lawal ya koma gona, ita ta zauna wajen Hajiya Nana. Malam ya sa aka kai ta asibiti tun a makon farko, ya ce jiki yana da haƙƙinsa, likita ma rabon Allah ne. Kwanakin rabuwa da kwalbar sun yi muni ƙwarai: amai, gumi, ƙasusuwa kamar ana sara, ga zagin da ta riƙa yi wa tsohuwar da ke riƙe da ita. Hajiya Nana takan ce, "Zagi dai, ɗiyar nan, na ji na waɗanda suka fi ki baki. Buɗe ki sha kunu."

Kullum bayan Azahar Malam yakan zauna bayan zanar, ita kuma ta zauna da buta a gabanta. Bai taɓa ce mata ta daure ta watsa ruwan ba. Yakan ce ta tsoma yatsa ta faɗi abin da ta ji, ta saurari tsakar gida ta faɗi abin da kunnenta ya kama, ko tattabara ce ko taɓarya. Abin mamaki, duk sa'ad da zuciyarta ta zame ta koma ƙarƙashin ruwa, ko da ba ta yi motsi ba, ko numfashinta bai canja ba, sai ta ji muryarsa a hankali daga bayan zanar: "Kin koma gulbi. Mi ke ƙarƙashin hannunki?" Ko sau ɗaya bai yi kuskure ba. Game da kwalbar kuma ya ce mata, "In kwaɗayin ya taso kada ki yi kokawa da shi, kada kuma ki bi shi. Zauna ki dube shi: ina ya tsaya, maƙogwaro ko ciki? Yana hawa, yana kuma sauka. Ki ga saukarsa ko sau ɗaya."

Ta ga saukarsa, ta kuma sake gani. Ta kai ga shafa jiƙaƙƙen yatsa a goshi da kumatu, amma tallabo ruwa cikin tafi biyu ya gagara. Malam ya ce ta koma gidanta haka nan, sauran ba a Gwandu yake ba.

A Kalgo ta yi kwanaki lafiya, sai aka yi suna a maƙwabta, ta ga wata yarinya goye da jaririya mai irin hular Ilham. Kafin Magariba ta shanye kwalba guda. Da ta farfaɗo kunya ta hana ta ko duban Lawal, shi ne ya kira Hajiya Nana a waya, ta kai wa Malam. Abin da ya ce kaɗan ne: "Wanda hankalinshi ya tahi cikin salla, dawo da shi yake yi, ba ya sallamewa ya bar masallaci. Ta dawo." Ta dawo ɗin, amma a zuciyarta ta fara cire rai da Anas, har ta sayo wata kwalbar ta ɓoye cikin buhun shinkafa.

Ranar wata Alhamis a farkon damina, bayan La'asar, Lawal yana fadama, gidan shiru, babu ƙafar yaro a tsakar gida. Kwaɗayin ya taso mata da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Ta tono kwalbar daga buhu ta fito za ta ƙetare tsakar gida zuwa ɗakinta, ba ta lura da hadarin da ya haɗo daga gabas ba. Tana tsakiyar fili ruwa ya tsuge kamar an kwance bakin salka, ya doke ta a fuska, ya shiga idonta da hancinta. Nan take gidan ya ɓace. Ta faɗi a kan gwiwoyinta, jirgin na juyawa a samanta, mata na kururuwa, hannunta ɗaya na neman bayanta, ɗayan na ƙoƙarin buɗe murfin kwalbar, domin ta san a cikinta kaɗai gulbin ke ƙafewa.

Sai ta ji muryar, kusa, a natse, kamar zana ce kawai a tsakaninsu: "Kubura. Mi ke ƙarƙashin hannunki?"

Ba ta da hannun da za ta amsa da shi sai ta saki wani abu. Ta saki kwalbar, ta dafa ƙasa. Laka ce, mai sanyi, da tsakuwa a ciki tana sukar tafinta. Ta ce da ƙarfi, "Ƙasa." Ta ja numfashi, ya shiga, iska ce ba ruwa ba, ta bi shi har ƙarshe ta sake shi da sunan Allah. Ta ji ƙarar ruwa a kan kwano, ta ji akuyarsu na kuka a rumfa. Tsoron bai tafi ba, yana nan a maƙogwaronta, ta dube shi yana hawa, ta zauna tana dubansa har ya fara sauka. Sa'an nan ta yi niyya, ta wanke lakar hannunta a ruwan indararo, ta kurkure baki, ta shaƙa ta fyace, ta tara tafinta biyu suka cika, ta kai fuskarta. Ta wanke tun daga matsirar gashi har haɓa, ta sake, ta kuma sake.

Da Magariba wayarta ta yi ƙara, Hajiya Nana ce. "Ke Kubura, an yi ruwa wajenku?" Ta ce an yi. Tsohuwar ta ce a Gwandu ko ɗigo bai sauka ba. Ta ce bayan La'asar Malam yana ba da karatu a zaure sai ya tsaya a tsakiyar jumla, ya ɗora tafinsa a kan busasshen daɓe, ya ce wa almajiransa manya, "Ku yi shiru, wata baiwar Allah na alwala." Ya daɗe a haka. Da ya shigo gida ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, tafin nasa cike da ɗanyar laka baƙa, har da tsakuwa. Ta tambaye shi, ya ce mata kada ta yawaita magana, aikin na mai alwalar ne da Ubangijinta.

Da safe Kubura ta buɗe akwati ta ɗauko majanyin, ta tafi Diggi. Inna Hadijatu ta amsa gaisuwarta, ta dube ta sama da ƙasa, ta turo mata bokiti da soso da ƙafa. Anas ya ɓuya bayan kakarsa, sai da aka janyo shi. Kubura ta cuɗa shi, ta bi tabon ƙunar hannunsa a hankali, sa'an nan ta tallabo ruwa ta wanke masa fuska. Ba ta ɗauke ido ba. Yaron ya yi ihu ya ce sabulu ya shiga idonsa. Tsohuwar ta juya baya tana share nata idon da bakin zane, ta ce, "Ɗauki abinki ku tahi tun rana ba ta yi ba."

Ƙullin majanyin ya bushe ya ƙanƙame tun kaka, sai da ta sa haƙori kafin ya kwance. Ta goya Anas da shi, ko da yake ya wuce goyo, ta ɗaure sabon ƙulli.

Har yau Kubura ba ta shiga jirgi, kuma akwai ranakun da kwaɗayin ke dawowa, sai a gan ta zaune a tsakar gida ta dafa ƙasa, leɓenta na motsi. Ilham ba ta dawo ba, Malam kuma bai taɓa ce mata ciwon zai ƙare ba.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake sanya bayinSa na gari su ji nishin wanda ke nesa. Ya Allah Ka ƙara wa malaminmu lafiya da kusanci, Ka lulluɓe shi da yardarKa, Ka sa albarkarsa ta kai ga 'ya'yanmu. Ka jiƙan waɗanda ruwa ya tafi da su, kuma duk uwar da jikinta ya fito zuciyarta ba ta fito ba, ya Rabbi Ka sa ta ji ƙasa a ƙarƙashin hannunta. Amin.