Rufin Kwanon Yaya Kaupa

Yayana Kaupa mutum ne mai son jin daɗi. Tun muna yara a kan duwatsunmu na Simbu ba ya son sanyi, ba ya son laka, ba ya son a ce masa ya jira. Da ya yi aure, Kawu Bomai mai manyan gonakin kofi ya ba shi gidan kwano da tuƙin motarsa. Mu kuwa muna bukkar Babanmu Gende, mai wa'azi a cocin ƙauye, hayaƙi yana cin idanunmu.

Sai zazzaɓi ya kashe ɗan Kawu. A wurinmu ba a yarda saurayi ya mutu haka kawai. Kowa ya shafa laka a jiki, kamar yadda al'adarmu take, aka zauna makoki. Baki yana kuka, ido kuwa yana yawo, yana neman wanda baƙin cikinsa bai kai ba. Aka ga tsohuwa Degemba, wadda ba ta da miji ba ta da ɗa, ta wanke lakarta a rafi tun ba a binne gawa ba, don ƙaiƙayi ya dame ta. Aka ce mayya ce.

Baba ya shigar da ita coci, ya tsaya a ƙofa.

Kawu ya ce, "Gende, matsa. Ka manta a ƙasar wa kake noma?"

Baba ya ce, "Ban manta ba. Amma Yesu ya mutu saboda matar nan kamar yadda ya mutu saboda ɗanka."

Kaupa ya kutso cikin taron. "Haba Baba! A kan tsohuwa marar haƙori za ka jefa mu daji? Ajiye wa'azin nan sai Lahadi mana."

"Ɗana, zo ka tsaya kusa da ni."

Kaupa ya waiwaya ya dubi kwanonsa yana walƙiya a rana. Ya koma cikin mutane. Da suka fara kiran sunan tsohuwar, na ji muryarsa a ciki.

Suka ƙone bukkarmu, suka sare itatuwan kofinmu. Muka gangara kwari da Degemba, inda zafi da sauro suke, muna noma wa wasu don mu ci. Ni na goya ta a hanya, tana cewa, "Gende, ka yi asara. Mayyar taka ko tashi sama ba ta iya ba." Baba ya yi dariya, ƙafafunsa suna jini.

Damina ta wuce, Kawu da kansa ya mutu. Aka sake shafa laka, idanu suka sake yawo. Moro, matar Kaupa, tana da tsohon ciki. Yunwa ta kama ta, ta zagaya bayan ɗakin makoki ta ci gasasshen dankali. Wani ya gani, aka ce ita ma mayya ce.

Da rana tsaka ta iso bukkarmu ta kwari ita kaɗai, laka ta bushe a fuskarta. Degemba ce ta tare ta. Ta ce, "Shigo, 'yata. Kin ci wani abu?"

Na ce, "Ina Yaya?"

 Moro ta ce da mutane suka taho gidansu, ya tura ta ta ƙofar baya, shi kuma ya tare ƙofar gaba, babu kowa kusa da shi. "Ya ce in gaya wa Baba, yau ɗansa ya tsaya."

Baba ya zauna a ƙasa. Ba mu sake ganin Kaupa da rai ba. Har yau idan ruwa ya sauka a kan kwano, ni ba ruwa nake ji ba, muryar Yaya nake ji.

Ya kai mai karatu, wahalar da ka ɗauka saboda Almasihu ba ta rasa abokan ɗauka, a cikinta ma ana dariya. Amma daɗin da ka saya da ran maƙwabcinka ba zai kare ka ba ranar da idanu suka juyo gidanka. Idan an kira ka ka tsaya, tsaya tun akwai wanda za ka tsaya kusa da shi.