Ƙafafun Maiguwa

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Tabotaki, ana ce masa Kalla. Yana da ƙane, Maiguwa, mai haƙar rijiya, wanda bai yi aure ba tukuna. A shekarar fari ta 1984, gefen wata rijiya ya rufto wa Maiguwa a ƙugu. An ciro shi da rai, amma ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Ana cikin haka masu taimako suka fara zuwa da kamyo, babbar motar kaya, cike da abinci. Ƙa'idarsu ita ce, magidanci ko saurayin da ba ya iya tsayuwa yana da rabon jar dawa da mai, mai jinyarsa ma yana da nasa, har ranar da majinyacin zai miƙe. Kalla ne mai jinya. Da wannan dawa matarsa Zaliha da 'ya'yansu suka rayu, alhali maƙwabta na dafa ganye.

Likitan da ya duba Maiguwa ya ja Kalla waje ya ce masa, "Ƙashi ya kama. Kullum ka tashe shi ya dafa bango ya taka, ko da yana kuka. In ka bar shi kwance, jijiyoyin za su ƙage."

Wata safiya Kalla ya dawo daga daji, ya tarar da Maiguwa tsaye, ya rungume rumbu, gumi na zuba, yana dariya.

"Yaya, dubi gurgunka. Gobe sai kokowa."

Kalla bai yi dariya ba. Kan danga ya fara dubawa, ko wani ya gani.

"Wa ya aike ka? So kake ƙashin shi sake ɓallewa?"

Ya ɗauke shi cak ya kai shi ɗakin ƙurya. Tun daga ranar komai a kan tabarma yake iske Maiguwa, ruwa, tuwo, har kaskon bayan gida. Mutanen gari suka riƙa cewa ɗan'uwa irin Kalla sai an tona.

Shi kuwa kullum yana ce wa ransa, bari kamyo na gaba ya zo, sai in tashe shi. Kamyo ya zo ya tafi, wani ya zo. Idan yana shafa wa ƙanensa mai, yana jin ƙwaurin na sirancewa a tafin hannunsa, gwiwoyin kuma sun fara naɗewa.

"Malam, ƙafafun ga suna lanƙwashewa hwa," in ji Zaliha wata rana.

"Tuwon da kika tuƙa jiya, daga gonar wa ya hito?"

Ta juya ta koma madafa.

Damina ta dawo, hatsi ya yi kyau, masu taimako suka daina zuwa. Sai Kalla ya shiga ɗaki ya ce, "To, ƙanena, yau mu taka." Ya ɗaga shi, ƙafafun suka zo a naɗe kamar yadda suke a kan tabarma. Da ya ja ɗaya, Maiguwa ya yi wata ƙara da ta fito da Zaliha daga madafa.

Ya ɗora shi a jaki ya kai shi wurin likita. Likita ya taɓa gwiwoyin, ya daɗe yana kallon Kalla.

"Sun ƙage. Ba ni da abin yi."

A hanyar komawa, cikin duwatsu, Kalla na jan jaki, ya kasa juyowa. Can ya ce, "Maiguwa, akwai maganar da ban gaya maka ba."

"Bar ta, Yaya. Ni da ƙafafuna, kana zato ban san sun so tashi ba? Ɗiyanka nake ji suna cin tuwo ta bayan ɗaki, shi ya sa na kwanta. Da dai ka tambaye ni, da ya fi mini sauƙi."

Kalla ya ci gaba da goya ƙanensa zuwa masallaci da bakin gona har bayansa ya tanƙware. Mutane ba su daina yabonsa ba, shi kuwa bai taɓa iya amsawa da amin ba.

Darasi: Taimakon da ake bai wa mai rauni don ya tashi ne. Wanda ya mai da lalurar ɗan'uwansa rumbu, yunwa za ta wuce ta bar shi da abin da ba ya gyaruwa. In kana jinyar wani, ka yi shawara da shi, kada ka yanke masa hukunci a ɓoye. Ku isar da labarin nan ga duk wanda ke riƙe da amanar majinyaci.